A Marrakesh, Bisa Sawun Shekarar 1603

Daga Kasabalanka zuwa Marrakesh tafiyar kusan awa uku ce a jirgin ƙasa. Da fari gonaki ne shimfiɗe, kore shar, sai a hankali ƙasa ta soma yin ja, itatuwa su ragu, duwatsu su yawaita, har ka hango dabinai da jajayen gine-gine ka san an iso. Da sanyi muka je, saboda haka can bayan gari ana hango tsaunukan Atlas, ƙanƙara ta rufe kawunansu fari fat. Mu biyu ne, ni da wani malamin fiƙihu ɗan Damagaram da muka daɗe muna abota. Shi buƙatarsa ɗaya ce, ya yi salla a masallacin da Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya karantar. Ni kuwa wata shekara nake bi, 1603, wadda ta ratsa 1011 da 1012 na Hijira.

Duk wanda ya yi tarihi a makarantar boko ya san wannan shekara da abu guda: a ranar 24 ga Maris Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta Ingila ta mutu, bayan ta yi shekara 44 a kan gado, sarautar ta koma hannun James na Sikotilan. Ba a faɗa mana cewa bayan wata biyar, a watan Agusta, annoba ta kashe Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur a wajen birnin Fas ba. Su biyun nan sun yi shekaru suna aika wa juna wasiƙu, suna ƙulla shawara a kan abokin gabarsu ɗaya, Sarkin Sifaniya. Mutuwar ta Landan an cika littattafai da ita. Ta Fas kuwa ita ce ta fi shafar mu, domin mutumin da ya mutu shi ne ya rushe daular Songhai, kuma a ranar da ya mutu malamin da ya fi kowa ilimi a ƙasashenmu, Ahmad Baba, na tsare a babban birninsa, Marrakesh.

Da fadarsa muka fara, wadda ake kira al-Badi. Ana shiga ta wani lungu tsakanin dogayen katangu, kwatsam sai ka faɗa wani fili da ido ke gajiya kafin ya kai ƙarshensa. Tsawon tsakar gidan mita 135 ne, faɗinsa 110, a tsakiya akwai tafki mai tsawon mita 90. Gefe da gefe an haƙa lambuna huɗu ƙasa da inda ake tafiya, itatuwan lemo cike da 'ya'ya, kana tafe kana kallon samansu. Katangun jar ƙasa ce da aka daddaɓe, tsirara, duk ramuka, kai ka ce wani yanki ne na ganuwar Kano aka ɗauko aka dasa. A samansu manyan tsuntsaye farare dangin shamuwa sun yi sheƙa, suna ta ƙwanƙwasa baki. Ba rufi, ba ƙofa, ba ado, sai ɗan ragowar tayil mai launi a wasu kusurwoyi.

Amma a zamaninta babu irinta a yammacin duniyar Musulmi. Al-Mansur ya soma gina ta a 1578, shekarar da ya hau mulki. Yadda ya hau ɗin ma abin ji ne. A ranar 4 ga Agusta ta shekarar aka gwabza a Wadil Makhazin tsakanin Maroko da Fotugal, sarakuna uku suka mutu a yini ɗaya: Sebastian na Fotugal, da wan al-Mansur, Sarki Abdul Malik, da ɗan ɗan'uwansu al-Mutawakkil wanda aka tuɓe ya je ya gayyato Turawa. Ahmad ya fita daga fagen yaƙin da sarauta a hannu, da ɗimbin manyan Fotugal a ɗaure. Kuɗin fansarsu ne ya aza harsashin ginin. Duwatsun marmara daga Italiya aka yi ta kawowa, marubutan Maroko kuma sun ce da sukari aka biya, awo da awo, don a lokacin sarkin yana da manyan gonakin rake da matatun sukari a Shishawa da yankin Sus.

Muna zaune a bakin tafkin Malam ya ce da ni, "Alhaji, kuɗin Fotugal ne ya fara, amma da dukiyar wa aka ƙarasa?" Ya san amsa, ni ma na sani.

A ƙarshen 1590 al-Mansur ya tura rundunar mutum kimanin 4,000 su ƙetare Sahara, ƙarƙashin Judar Basha, wani bābā haifaffen Sifaniya da aka kama tun yana yaro aka rene shi a fada. Dalilin da aka bayyana shi ne rigimar ma'adinin gishiri na Taghaza, da da'awar sarkin cewa shi sharifi ne, halifan Musulmi, dole kowa ya yi masa mubaya'a. Abin da ake so kuwa zinariya ce. A watan Maris na 1591 suka haɗu da Askiya Ishaƙa na biyu a Tondibi, arewa da Gao. Mutanen Songhai sun ninka su yawa nesa ba kusa ba, amma da mashi da baka da takobi suka zo, su kuwa da bindigogi da igwa. An koro garken shanu don su tattake baƙin, ƙarar bindiga ta firgita shanun suka juyo kan masu su. Gao ta faɗi, Tumbuktu ta faɗi, Jenne ta bi. Askiya ya yi tayin miskali 100,000 na zinariya da bayi 1,000 don a janye, Judar ya so ya karɓa, al-Mansur ya fusata ya tuɓe shi ya aiko Mahmud ɗan Zarƙun. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka gangara kudu zuwa Dendi, wajen iyakar Nijar da Benin ta yau, suka ci gaba da yaƙi ƙarƙashin Askiya Nuhu.

Kada wani ya ɗauka ƙurar ba ta iso ƙasar Hausa ba. Akwai wasiƙar da al-Mansur ya aika wa Kanta Dauda na Kabi, yana zarginsa da ba wa 'yan gudun Songhai mafaka, yana neman ya yi biyayya ko ya ga runduna. Tun kafin nan ma, a farkon shekarun 1580, Mai Idris Alooma na Borno ya aika jakada Maroko neman taimakon makamai, aka ce sai dai in zai yi mubaya'a. Idon mutumin nan ya kai har Tafkin Chadi.

Wani ɗan kasuwar Ingila da ke zaune a Marrakesh ya rubuta cewa da Judar ya dawo a 1599 ya shigo gari da raƙuma 30 ɗauke da garin zinariya, da bayi maza da mata, har da 'ya'yan gidan sarautar Gao. Daga irin wannan ne aka yi wa sarkin laƙabi da al-Zahabi, mai zinariya. Na tsaya a inda babban zauren karɓar baƙi yake a da, ina tunanin 'yan matan nan. An ba da labarinsu cikin jerin kaya, tsakanin barkono da raƙuma. Musulmi ne, 'ya'yan Musulmi, daga gidan da kakansu Askiya Muhammadu ya je hajji ya yi sadakar da aka daɗe ana magana a Makka da Madina. Raina ya ɓaci ƙwarai a wurin nan, ban kuma ga dalilin da zai sa in ɓoye ba.

'Yan kasuwar Ingila ba da haɗari suka zo garin ba. Tun 1585 Sarauniya Elizabeth ta ba da izinin kafa kamfanin ciniki da Maroko. Su kawo yadi da katakon gina jiragen ruwa da makamai, su koma da sukari da sinadarin da ake haɗa albarushi. A 1600 al-Mansur ya aika sakatarensa Abdul Wahid ɗan Mas'ud jakada zuwa Landan, ya yi kusan wata shida a can, har aka zana hotonsa da rawani da takobi, hoton yana nan a Jami'ar Birmingham. A ƙarshen rayuwarsa sarkin ya rubuta wa sarauniyar wata shawara mai ban mamaki: su haɗa ƙarfi su ƙwace ƙasashen da Sifaniya ta mamaye a Amurka, mutanensa su zauna a can tunda sun fi Turawa jure zafi. Shekarar 1603 ta binne wannan shawara tare da masu ita. James bai da niyyar yaƙi, a 1604 ya sulhunta da Sifaniya.

Ita kanta fadar ba ta daɗe da ado ba. Bayan kamar ƙarni ɗaya Sarki Maulaya Isma'il, na gidan da ke mulkin Maroko har yau, ya sa aka kwashe marmara da katako da duk abin da zai ɗauku, aka kai Maknas don gina tasa. Abu mafi daraja da ke cikinta yanzu ba ma nata ba ne, mumbarin masallacin Kutubiyya ne da aka sassaƙa a Ƙurɗuba ta Andalus wajen 1137, an ajiye shi a wani ɗaki. Malam ya daɗe a gabansa yana karanta rubutun da ke jikinsa.

Daga nan zuwa kaburburan gidan sarautar Sa'adiyawa, wato gidan su al-Mansur, 'yar tafiya ce a ƙafa, a jikin masallacin Ƙasba, kusa da ƙofar gari ta Bab Agnaou. Nan ma wani siririn lungu ake bi, mutum biyu ba sa jerawa. An daɗe da toshe wurin, sai a 1917, zamanin mulkin Faransa, aka buɗe aka gyara. Layi ake yi, kowa ya leƙa daga bakin ƙofa ya ba na baya wuri. Da na kai gaba sai numfashina ya ɗauke. Ginshiƙai 12 na farin marmara, bango ya sha sassaƙa tun daga ƙasa har sama, rufin katakon al'ul ne da aka shafe da ruwan zinariya. A tsakiya kabarin al-Mansur, wanda aka fara binnewa a Fas daga baya aka dawo da shi, gefensa ɗansa Zaidan da jikansa. A wani ginin kuma mahaifiyarsa ce, Lalla Mas'uda, wadda ta gina masallacin Bab Dukkala, ta rasu a 1591, shekarar Tondibi. Ban taɓa ganin aikin hannu mai kyan wannan ba, kuma na san abin da aka biya masu aikin da shi. Mun yi wa mamatan addu'a kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi, muka fito.

A wani shagon shayi da ke kallon hasumiyar masallacin muka zauna, aka kawo mana shayin na'ana'a mai zaƙi, na shiga jero wa Malam abin da ke faruwa a sauran duniya a wannan shekarar. A Japan an naɗa Tokugawa Ieyasu shugaban mulkin soja, ya zauna a Edo, garin da ya zama Tokyo. Bayan shekara biyu kacal ya sauka ya ɗora ɗansa yana raye, don kowa ya saba, gidansa ya yi mulki sama da shekara 260. A Istanbul Sarkin Turkawa Muhammadu na uku ya rasu a watan Disamba. Shi ne wanda da ya hau gado a 1595 ya sa aka kashe 'yan'uwansa maza 19. Ɗansa Ahmad na ɗaya ya gaje shi yana ɗan shekara 13, bai kashe ƙanensa Mustafa ba, shi ne kuma daga baya ya gina masallacin nan mai hasumiya shida. A gabas Shah Abbas na Farisa ya ƙwace Tabriz daga hannun Turkawa. A teku kuwa, a watan Fabrairu, jiragen kamfanin Holan na gabashin Indiya, wanda aka kafa shekara guda kafin nan, suka kama wani katafaren jirgin Fotugal mai suna Santa Katarina kusa da Singafo, a watan Satumba kuma ayarin farko na kamfanin Ingila na gabashin Indiya ya dawo gida maƙare da barkono.

Malam ya ce, "To ka ga inda ya yi kuskure. Yana can yana zubar da jini a kan hanyar raƙumi, dukiyar duniya ta koma jirgin ruwa." Na yarda da shi a rabi. Gaskiya ne sukarin Burazil ya karya na Maroko, kuma Turawa suna janye zinariya ta bakin teku. Amma ni abin da na fi gani shi ne gado. Elizabeth ba ta da ɗa, duk da haka fadawanta suka miƙa mulki ba a zubar da jini ba. Al-Mansur yana da 'ya'ya manya, ya mutu magajin da ya zaɓa, al-Ma'amun, yana kurkuku saboda tawaye. Kafin a gama zaman makoki Fas ta naɗa Zaidan, Marrakesh ta naɗa Abu Faris, al-Ma'amun ya fito ya zama na uku. Aka yi shekaru ana karɓar Marrakesh ana ƙwacewa, ga annoba ga yunwa, matatun sukari suka mutu. Sojojin da ke Tumbuktu suka ga babu mai waiwayarsu, suka koma naɗa shugabanninsu da kansu. An rushe daular da ta tsare hanyoyi daga Jenne zuwa Agadas, ba a kafa komai a gurbinta ba.

Washegari muka nufi unguwar Muwasin ta cikin kasuwa, ta rumfunan masu rini inda zare ja da shuɗi ke rataye a sama yana ɗiga. Masallacin na wan al-Mansur ne, Sarki Abdullahi al-Galib, wanda kuma ya gina makarantar Ibn Yusuf. A da ana ce masa masallacin Sharifai. Ba ya cikin wuraren da masu yawon buɗe ido ke cika, don wanda ba Musulmi ba ba ya shiga. Bayan azahar wani dattijo da ke kusa da mu a sahu ya tambaye mu daga ina. Malam ya amsa da tsohon sunan da Larabawa ke kiran ƙasashenmu da shi, ya ce, "Daga ƙasar Sudan, Baba, maƙwabtan Tumbuktu." Dattijon ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Marhaban da mutanen Sidi Ahmad Baba." Idon Malam ya ciko.

An haifi Ahmad Baba a 1556 a gidan Aƙit, gidan alƙalan Tumbuktu, ya yi karatu a gaban Shehu Muhammadu Bagayogo. A watan Oktoba na 1593 Mahmud Basha ɗan Zarƙun ya tara malaman garin a masallacin Sankore da sunan sabunta mubaya'a, ya sa aka kama su, aka kashe wasu a hanya, aka washe gidajensu. A 1594 aka ƙetara da su Sahara cikin mari, har da mata da yara. Ahmad Baba ya faɗo daga raƙumi ya karye a ƙafa. Littattafansa 1,600 suka salwanta, shi da kansa kuma ya ce shi ne mafi ƙarancin littattafai a danginsa. Shekara biyu yana kulle, a 1596 aka sake shi da sharaɗin ba zai bar Marrakesh ba.

Marubutan tarihin Maroko sun kawo labarin shigarsa wurin sarki. Ya tarar al-Mansur yana magana da mutane ta bayan labule. Ya ce masa Allah ne kaɗai ke magana da ɗan Adam ta bayan shamaki, ya karanto ayar Suratus Shura, ya ce in kana da magana da ni ka yaye labulen ka sauko. Sarki ya yaye. Sai ya tambaye shi me ya sa ya washe dukiyarsa, ya tozarta littattafansa, ya ɗauro shi tun daga Tumbuktu. Sarki ya ce don haɗa kan Musulmi ne. Ya ce to me ya hana ka fara da Turkawan Tilimsan da suka fi kusa da kai? Fursuna ne mai ɗingishi a garin da ba shi da kowa, yana faɗa wa mai igwa wannan magana.

A wannan masallaci ya zauna yana karantar da Mukhtasar da Muwaɗɗa da Bukhari da Ashafa, littattafan da har gobe ake ja a zaurukanmu. Alƙalai da muftai suka riƙa zama a gabansa, cikin waɗanda suka karɓi ijaza a wurinsa har da al-Maƙƙari, wanda ya shahara da rubuta tarihin Andalus. A nan ya kammala Nailul Ibtihaj a 1596, tarihin malaman mazhabar Malikiyya kimanin 800, kuma a 1603 ɗin nan ya gama taƙaita shi da gyara shi a Kifayatul Muhtaj. A cikinsu ne muke samun labarin al-Magili, da Makhluf al-Bilbali da ya karantar a Kano da Katsina, da Aida Ahmad wanda ya zama alƙalin Katsina, da kakansa shi kansa wanda ya biyo ta Kano ya karantar bayan ya dawo daga hajji. Da yawa daga abin da muka sani game da farkon karatu a biranenmu daga alƙalamin wannan tsararre ya fito. Saboda haka in aka tambaye ni manyan mutanen 1603, da shi zan fara kafin sarakunan.

Da dare a dandalin Jami'ul Fana muka tsaya wurin makaɗan Ginawa, masu huluna da wuri, suna kaɗa gimbiri mai tsirkiya uku da ƙarafa masu kacau-kacau. Jikokin bayin da aka ƙetaro da su daga kudu ne, a waƙoƙinsu suna ambaton Bambara da Fulani da Hausa. A kan kakannin irinsu ne mutanen Tuwat, wani yanki a Saharar Aljeriya ta yau, suka aiko wa Ahmad Baba tambaya, bayan Zaidan ya ba shi izinin komawa gida ya isa Tumbuktu a 1608. Ya amsa a 1615 cikin Mi'irajus Su'ud. Ya ce baƙar fata ba ta sa mutum ya zama bawa, ya ƙaryata masu fakewa da labarin la'anar Ham ɗan Annabi Nuhu, ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Gobir da Borno da Songhai da suna, ya ce Musulmi ne, 'ya'ya ne, haramun ne a mallake su. Bai hana bautar da wanda ba Musulmi ba, wannan iyakarsa ce da ta zamaninsa, kuma ba ƙaramar iyaka ba ce. Bai kuma rufa mana asiri ba: ya rubuta cewa sarakunan nan suna kai wa juna hari, Katsina ta faɗa wa Kano, harshensu ɗaya addininsu ɗaya, su kama juna su sayar. Bisa lissafin tarihin Kano, Muhammadu Zaki ne ke sarauta a lokacin, kuma zamaninsa cike yake da yaƙi da Katsina. Ashe wasu daga cikin waɗanda suka iso kasuwannin arewa ba Judar ne ya kamo su ba. Bayan shekara kusan 200 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da wannan fatawa a rubuce-rubucensa.

Ahmad Baba ya rasu a Tumbuktu a watan Afrilu na 1627, Zaidan ma a shekarar ya rasu. Shi Zaidan ɗin mai son littattafai ne, ya gaji taskar ubansa ya ƙara a kai. A 1612, da tawaye ya kore shi daga Marrakesh, ya loda littattafai kimanin 4,000 a jirgin wani Bafaranshe don a kai masa Agadir. Suka saɓa a kan kuɗin haya, mai jirgin ya gudu da kayan, jiragen yaƙin Sifaniya suka tare shi a teku suka ƙwace. Aka kai littattafan fadar Eskoriyal kusa da Madrid, gobarar 1671 ta cinye da yawa, kusan 2,000 suka tsira. Sarakunan Maroko sun yi ƙarnoni suna neman a maido musu, a 2013 aka ba su hotunan shafukan, ainihin littattafan kuwa suna can. Malam ya ce in Allah ya ba mu rai da guzuri, can za mu nufa a tafiya ta gaba, yana so ya duba ko akwai mai rubutun Tumbuktu a cikinsu.